Aikin digirina na biyu a kan fadamun Kumasi: inda aka kwana

13 ga Janairu, 2025

Alhamdulillah yau kwamitin sashenmu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya amince da batun bincikena, to aiki ya fara kenan gadan-gadan. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki saboda ƙannenmu na zango da ke yawan tambayata wane irin karatu ne wannan kuma ina yake kai mutum.

Tambayar da nake bi guda ɗaya ce. Ragowar fadamun nan da suka rage a cikin Kumasi, waɗanda ba a riga an cike su da bola da jar ƙasa an ɗora gini ba, shin har yanzu suna gyara ruwan da ke ratsa su ko sun gaji? Zan auna ruwa kafin ya shiga fadama, in auna bayan ya fita, rani da damina. Wuri uku na zaɓa. Na farko rafin Aboabo namu, wanda ke tasowa daga arewacin gari wajen Pankrono ya ratso Moshie Zongo da Aboabo da Anloga ya haɗu da rafin Sisa. Na biyu Wiwi da ke ratsa cikin jami'a, shi yana da sauran ciyayi da bishiyoyi a bakinsa. Na uku rafukan da ke zuba a dam ɗin Owabi.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba, ruwan nan duk hanyarsu ɗaya. Sisa ya zuba a Oda, Oda ya zuba a Offin, Owabi ma a Offin yake zuba, Offin ya shiga Pra, Pra ya faɗa teku a Shama. Ledar fiya wata da ruwan wanki da muke zubarwa a bayan gida ba ɓacewa suke ba, wani ne a ƙasa yake ɗiban ruwan nan ya dafa abinci. Dalilin kenan da a karatunmu ba a kallon rafi shi kaɗai, sai an haɗa da dukkan ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa, gidaje da kasuwanni da gareji da gonaki.

2 ga Fabrairu

Yau ranar dausayi ta duniya, ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a garin Ramsar na Iran a 1971. Ghana ta shiga a 1988 kuma muna da wurare shida a cikin jerin dausayin da yarjejeniyar ke karewa, Keta, Songor, Sakumo, Densu Delta, Muni-Pomadze, sai Owabi. Biyar ɗin farko duk a bakin teku suke, an sa su a 1992. Owabi ne kaɗai a cikin ƙasa kuma shi ya fara shiga, tun 1988, amma ka tambayi mutum goma a Aboabo da kyar ka samu wanda ya taɓa taka wurin alhali bai kai tafiyar awa guda ba idan hanyar Abuakwa ba ta cushe ba.

Takardar izinina ta fito daga masu kula da namun daji a satin nan, na je na zaga tare da wani ma'aikacinsu. An gina dam ɗin a 1928, shi ya shayar da Kumasi har aka gama Barekese a kan Offin a farkon shekarun 1970. Cikin dajin akwai sanyi, gora ta yi rumfa, ga birai ga tsuntsaye. Amma da ka zo inda rafukan gari ke shigowa sai ka ga leda da robobi sun taru a bakin ruwa sun yi tudu, yashi da laka sun cike gefen dam ɗin. Ruwan da ya biyo ta unguwannin Suame yana ɗauke da baƙin mai na gareji, kana ganin ƙyallinsa a sama. Wallahi zuciyata ta yi nauyi, domin wannan ruwan ne ake tacewa a turo wa wasu unguwanni a famfo.

20 ga Fabrairu

Sati biyu ina gaban kwamfuta ina aikin taswira. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, kowa zai iya saukewa, kuma suna komawa baya shekaru da dama, sai dai kowane ɗigo a hoton mita 30 ne a ƙasa, ƙaramar fadama sai ta ɓace a ciki. Sentinel-2 na Turai da ya fara a 2015 mita 10 ne, ya fi nuna ƙananan wurare. Da manhajar taswira ta QGIS nake aiki, ita ma kyauta. Matsalar Kumasi gajimare ne, hotunan damina kusan duk fari fat, dole ka nemi na Disamba da Janairu, su kuma hazo yana ɗan dusashe su.

Ko ba a yi lissafi ba ido yana gani. A tsoffin hotuna koren zare mai kauri ne ke bin rafin Aboabo gefe da gefe, a sababbi ya tsinke gida-gida, rufin kwano ya zo har bakin ruwa.

Duk wanda ke tunanin wannan fanni ya koyi taswira tun yana digirin farko, dan Allah. Ita ce sana'ar da ta fi saurin kawo ɗan aiki ko kafin a gama.

15 ga Maris

Ɗiban samfurin rani cikin azumi. Muna fita bayan asuba ni da wani ɗalibin digirin farko da ke taimaka mini, da aboboya, babur mai ƙafa uku na kaya, ɗauke da kula mai ƙanƙara, saboda samfurin ƙwayoyin cuta so samu ya isa lab cikin awa shida yana sanyi. A bakin ruwa ake auna zafi da pH, wato tsamin ruwa, da oksijin da gurɓacewar launi, sauran a cika kwalabe, na ƙarafa irin su dalma a ɗiga musu asid kada su manne a jikin kwalba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ƙwarin cikin ruwa. Za ka sa rambut ka shiga, ka kafa raga a ƙasan ruwa, ka tattaka duwatsu da laka da ƙafa, duk abin da ya tashi ruwa ya kora shi cikin ragar, sai a juye a farin faranti a zauna da ɗan hantsaki ana tsinta. Farantin Aboabo da na juye, baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ta kwanta sai ga jajayen tsutsotsi ƙanana rututu suna murɗawa, ja wur kamar an yanka yatsa. 'Ya'yan wani ƙaramin ƙuda ne mai kama da sauro, jan nan kuwa sinadarin jini ne irin namu, shi ke ba su damar rayuwa inda oksijin ya kusa ƙarewa. Sai matsattsaku da dodon koɗi kaɗan, shikenan. A wani ɗan rafi cikin dajin Owabi kuwa farantin ya cika da iri-iri, 'ya'yan mazari, ƙananan kaguwa, da wani ɗan siririn ƙwaro mai jela uku da wasu 'yan fukafukai a gefen ciki da yake kaɗawa yana numfashi. Shi wannan ba ya zama sai a ruwa mai kyau. Na daɗe ina kallonsa kafin in sa shi a kwalbar sifirit.

Amfanin ƙwarin shi ne na'ura tana faɗa maka halin ruwa ne a daidai minti ɗin da ka tsoma ta, su kuwa a ciki suke kwana wata da watanni, idan wani yana sakin dagwalo da tsakar dare na'urarka ta safe ba lallai ta gani ba amma su za su nuna. Kifi yana fara wahala idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, idan ya yi ƙasa da 2 sai masu taurin rai irin tarwaɗa da ke haɗiyar iska daga sama.

28 ga Afrilu

Ruwan sama ya sauka sosai. Ruwan farko bayan rani shi ne mafi muni, duk abin da ya taru a gota da kan titi wata huɗu a rana ɗaya yake wankowa. Mun samu samfurin. A unguwarmu ruwa ya shiga ɗakunan da ke kusa da rafi kamar kowace shekara, da daddare muna taya maƙwabta ɗaga katifu da buhunan masara.

17 ga Mayu

Wannan watan na hira da mutane ne, kuma shi ne sashen da sufabaizata ta fi ƙarfafa ni a kai tun farko, ta ce ɗalibai da yawa suna iya auna ruwa amma ba kowa ke iya shiga zaure a Aboabo ya zauna a ba shi labari da Hausa, ya tsallaka Anloga ko Gyinyase ya yi da Twi ba. Na fara da gaida sarkin unguwa da liman, sannan aka haɗa ni da dattawa.

Wani tsoho da ya haura tamanin, a kan buzunsa a ƙofar masallaci bayan la'asar, da na gama bayani sai ya ce, "'Yata, ruwan nan da kike gani mun yi wanka a ciki, mun kama tarwaɗa da hannu, iyayenmu mata nan suke wanki." Na ce, "Baba, har ina ciyawar take kaiwa a lokacin?" Ya miƙe da sandarsa ya ce in biyo shi. Muka bi lungu muka wuce gidaje layi uku da wani shagon walda, ya buga sandar a gindin wani bango ya ce daga nan zuwa rafi duk fadama ce, rake da gwaza da tukurwa, damina mutum ba ya ratsawa. Na ɗauki wurin da GPS na dawo na ɗora a kan tsohon hoton Landsat, iyakar da ya nuna ta hau kan gefen koren nan kusan daidai. Gidajen da ke cikin wannan iyakar su ne dai waɗanda muka kwashe wa kaya a Afrilu.

A nan nake so masu karatu su tsaya su fahimta. Fadama ba fili ne da ya rasa mai shi ba, aiki take yi. Idan ruwan sama ya sauko da ƙarfi ita ke karɓarsa ta shimfiɗa shi ya rage gudu, laka ta kwanta, saiwoyin ciyawa da ƙwayoyin halittar cikin taɓo su cinye wani kaso na naitiret da fosfet, sannan ta riƙa sakin ruwan a hankali, irin yadda Mma ke tace gasarar koko a ƙyalle dusa ta tsaya ruwan ya wuce. Idan aka cike ta aka ɗora siminti, yawan ruwan saman bai ragu ba, wurin zamansa ne aka ƙwace, to sai ya shiga ɗaki.

Kuma ni ban yarda a ɗora wa talakan da ke zaune a bakin rafi laifin duka ba. Mutum ya zo daga Bawku ko Yendi ko Nijar neman abinci, inda ya samu ɗaki mai araha nan zai kwana, ba shi ya yanka filin ya sayar ba, ba shi ya ba da izinin gini ba. Ƙasar nan tana da manufar barin fili a bakin ruwa tun 2011, mita 10 zuwa 60 ga manyan rafukan da ba sa ƙafewa. A takarda tana nan. Masu aiwatar da ita a ƙasa, waɗanda za su iya zama da sarakuna da 'yan asambile da masu gidaje su yi magana a fahimta, su ne ba su da yawa, kuma wannan gurbi ne da yaran zango za su iya cikewa fiye da kowa.

Na je wajen masu lambu a Gyinyase ma, masu latas da kabeji da albasa mai ganye, da ruwan rafi suke ban ruwa da bokitin feshi biyu a hannu. Sun san ruwan ba shi da tsabta, sun fi ni sani, wani ya nuna mini ƙafarsa yadda take tsagewa. Wasu sun haƙa ƙananan ramuka a gefe suna barin ruwa ya kwana ya kwanta kafin su ɗiba, dabara ce mai kyau kuma ta shiga rubutuna.

5 ga Yuni

Ina Accra, mun zo ziyarar karatu. Shekaranjiya aka cika shekara 10 da ambaliya da gobarar gidan mai ta Circle, 3 ga Yunin 2015, inda mutum wajen 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. 'Yan uwanmu na Nima da Alajo ba sa bukatar a yi musu bayanin ambaliyar rafin Odaw da ke ratsa Accra.

Mun je Sakumo tsakanin Accra da Tema. Gidaje manya-manya sun ci cikin wurin sosai, an sha zuwa a rusa wasu, a nan dai ba talakawa ne ke gini ba. Mun je Densu Delta, inda ake haƙar gishiri, inda kuma idan aka buɗe dam ɗin Weija ruwa ke malale Tetegu da kewaye. Densu daga dajin Atewa yake tasowa, shi da Birim da Ayensu, shi ya sa rigimar haƙar ma'adinin bokzait a Atewa ta shafi mai shan ruwan famfo a Dansoman kai tsaye.

A jami'ar Ghana da ke Legon akwai cibiyar da a da ake kira cibiyar nazarin dausayin Afirka, wadda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi wa hidima, matar da ta shafe shekaru tana ƙidayar tsuntsayen bakin teku, kuma aikin ƙidayar nan na cikin abin da ya sa wuraren bakin tekun suka samu shiga Ramsar. Tsuntsayen nan wasu daga Turai suke tasowa su zo su yi hunturu a nan. Ganin mace 'yar ƙasar nan ta kai wannan matsayi da irin wannan aiki ya ƙara mini ƙarfi ba kaɗan ba.

Gobe da sassafe zan koma gida saboda Sallah.

19 ga Yuli

Lab, lab, lab. Gwajin yawan oksijin da datti ke cinyewa kwana biyar yake ɗauka a zafi digiri 20, idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai ka kama addu'a janareto ya tashi da wuri.

Tunda saƙonni sun yi yawa a kan maganar aiki da kuɗi bari in amsa a nan gaba ɗaya. Digiri na biyu iri biyu ne, MSc yawanci shekara guda, karatun aji ya fi yawa, MPhil shekara biyu da cikakken bincike, shi nake yi, kuma shi ya fi dacewa da mai son koyarwa ko digiri na uku. Ba sai wanda ya karanta kiwon kifi da kula da magudanan ruwa ba, masu bayoloji, kemistiri, jogirafi, noma, injiniyan gine-gine duk suna shigowa. A KNUST akwai cibiyar RWESCK ta ruwa da tsabtar muhalli, akwai shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa a kan sauyin yanayi, a Accra akwai Legon, Cape Coast suna da ƙarfi a harkar bakin teku. A waje IHE Delft ta ƙasar Holan ta yi suna a karatun ruwa, ga tallafin karatu na DAAD na Jamus da na Commonwealth. Gaskiyar magana kuɗin makaranta ba shi ne ke karya ɗalibi ba, kuɗin bincike ne, sinadarai da mota da gwajin ƙarafa da ake biya kan kowane samfur. Kafin ka zaɓi batu ka nemi malamin da ke da furojet mai gudana, ka aika masa wasiƙa gajera mai nuna ka karanta aikinsa. Ni ta haka na samu rabin kuɗin gwaje-gwajena, ragowar kawuna da ke sayar da kayan mota ya cika, Allah ya saka masa.

Wuraren aiki kuwa akwai Hukumar Albarkatun Ruwa da aka kafa da doka ta 522 a 1996, tana da ofisoshin kula da koguna irin su Densu da Pra, akwai hukumar kare muhalli ta EPA, kamfanin ruwa na Ghana, cibiyar binciken ruwa ta CSIR, sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, ƙungiyoyi irin su A Rocha Ghana da Ghana Wildlife Society, cibiyar kula da ruwa ta duniya IWMI ma suna da ofis a Accra. Sai kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli kafin a yi hanya ko ma'aikata, da sashen muhalli na manyan kamfanonin zinariya a Obuasi da Tarkwa, su suka fi biya. Guraben gwamnati ba kullum ake buɗewa ba, da yawa daga cikin waɗanda suka riga mu da kwantiragin wata shida ko shekara suka fara. Wanda ya iya taswira, ya iya lissafi da manhajar R, ya iya rubuta rahoto mai tsabta, ba ya daɗewa a zaune.

Kuma aikin ba zai ƙare ba muddin galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, na nan. A Agustan 2024 kamfanin ruwa ya sanar cewa gurɓacewar Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin NTU na laka a ruwa, matatar da aka gina don 2,000, ruwan sha kuwa bai kamata ya wuce 5 ba. Offin ɗin da ruwana ke zuba a ciki shi ma yana cikin kogunan da abin ya ci.

30 ga Agusta

Na fara haɗa sakamako, ban gama lissafi ba amma hoton ya fara fitowa. Inda fadama ke da faɗi kuma ruwa ke bazuwa cikin ciyawa, ruwan da ke fita ya fi wanda ya shiga haske, fosfet ya ragu, ƙwarin ma sun fi yawan iri. Inda aka yashe rafi aka miƙar da shi ya zama kamar babbar gota, ko da akwai ciyawa a gefe bambancin kaɗan ne, domin ruwan wucewa kawai yake bai taɓa ta ba. Ranar babban ruwa kuwa ƙananan fadamun ba sa iya komai, ruwan ya fi ƙarfinsu.

Abu ɗaya bai gyaru ba ko'ina a Aboabo, ƙwayoyin cutar bayan gida. Kafin fadama da bayanta duk sun yi yawa. Ba zan ɓoye wannan don in ƙawata batuna ba. Fadama ba za ta maye gurbin salga mai kyau a kowane gida da kwashe bola a kan lokaci ba, duka biyun ake bukata, kuma haka zan rubuta.

11 ga Oktoba

Samfurin ƙaramar damina ya kammala, fita daji ta ƙare. Na yanke shawarar neman digiri na uku amma sai na yi aiki ko na shekara guda tukuna, ina so in ga yadda ake yanke hukunci a ofis kafin in koma bincike. Abin da ke raina nan gaba shi ne kwatanta fadamun birni da manyan dausayi irin na Hadeja da Nguru a Najeriya, inda dam ɗin Tiga da na Challawa suka canza zuwan ruwa kachala ta toshe hanyoyi, masunta da makiyaya da manoman shinkafa duk Hausa za mu yi da su.

Kafin nan akwai alkawarin da na ɗauka wa dattawan Aboabo cewa ba zan kai sakamako makaranta in bar su ba labari ba. Liman ya ba ni lokaci bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata, mata kuma za mu haɗu a makarantar Islamiyya ranar Lahadi. Zan buga taswira biyu manya, tsohuwa da sabuwa, in rubuta bayanin da Hausa da Twi a shafi ɗaya, ɗan asambile ya ce zai zo kuma na roƙe shi ya gayyato jami'in tsara gari. Bukatata gare su ƙarama ce, ragowar fadamar da ke ƙasan gada a daina zuba bola a ciki kuma kada a yanka ta. Babi na huɗu zai tafi wajen Malama ranar 20 ga wata in sha Allah.